Aljanar Ɗakin Allo Uku

Rana ta riga ta faɗa bayan benen da ke kallon gidansu, amma duhu bai gama sauka ba. A irin wannan lokaci gidan Injiniya yakan yi tsit, in ban da ƙarar wuƙa a kan katako daga kicin, inda matarsa ke yanka albasa, da shafukan littafin da Auta ke juyawa a teburin falo. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, shekararta goma sha tara, tana aji biyu a jami'a. Yayyenta duk sun bar gida.

Shi kuwa Injiniya yana ɗakin ƙarshe. Da can sito ne, shekara da shekaru a rufe, babu mai shigarsa sai in ana neman tsohuwar fanka ko akwatin tafiya. Wata biyu da suka wuce ya kwashe tarkacen, ya yi fenti, ya kafa dogon tebur, ya jera alluna uku a kai, dukansu a jone da kwamfuta ɗaya. Aikinsa shi ne zana wa wani kamfanin gine-gine hoton gida mai motsi, yadda mai saye zai ga kamar yana yawo a ciki tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Kowane allo yana da saurinsa, wato sau nawa yake goge hoto ya sake zana shi a cikin sakan ɗaya. Na hagu tsoho ne, sau sittin. Na dama saba'in da biyar. Na tsakiya sabo fil, ɗari da arba'in da huɗu, kuma da shi yake duba ko motsin hoton ya tafi sumul.

Yana cikin zagaya wani matakala a zanen, allon tsakiya ya yi baƙi. Ya dawo. Da ya ja linzamin kwamfutar sai ya ga kibiyar da ke kan allon tana tafiya da nauyi, tana tsalle-tsalle. Ya buɗe saitin. Ɗari da arba'in da huɗu ya koma sittin. Na dama ma sittin.

Ya yi tsaki, ya mayar da kowanne inda yake. Bai kai ga ɗauke hannu ba, allunan uku suka ɗauke lokaci ɗaya, suka dawo. Talatin, talatin, talatin.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, daidai saman kansa. Ba tsakuwa ba ce, dutse ne mai nauyi, ya gangara a hankali har bakin indararo ya tsaya. Wuƙar kicin ta yi shiru.

"Wane ɗan iska ne?" Injiniya ya fito da gudu, ya buɗe ƙofar gida. Layin babu kowa, sai wata mota a ajiye da kyanwa a ƙarƙashinta. Ya zazzaga wa iska zagi son ransa, ya dawo ya maido ƙofar da ƙarfi har labule ya girgiza.

"Baban Auta, magariba ce fa," in ji matarsa daga bakin kicin. "Ka rage murya."

"A gidana ma sai an koya mini lokacin magana?"

Ta koma kan albasarta. Shekara ashirin da takwas tana zaune da shi, ta san in ya hau babu mai sauke shi sai gajiya.

Washegari da hantsi ya kira mai gyara, wani dattijo mai tabarau da jakar kayan aiki a kafaɗa. Mutumin ya leƙa bayan kwamfutar, ya ciro wata waya ya ɗaga.

"Yallaɓai, ga ɓarawonka nan. Wannan tsohuwar waya ce, ba za ta iya ɗaukar saurin sabon allon ba. Ka sayi doki ka ɗaura masa igiyar akuya. Sannan in alluna ba su yi daidai ba, wani lokaci mai saurin yakan sauko ya bi na baya, musamman in bidiyo na tafiya a kan tsohon."

Ya sa sabuwar waya, ya sabunta manhajar katin hoto, ya saita kowanne. Komai ya tafi sumul har la'asar. Injiniya ya wuni cikin fara'a, har ya tsokani Auta a kan gashinta.

Da magariba allunan suka ɗauke. Talatin. Duwatsu uku suka sauka a kan rufin, ɗaya bayan ɗaya.

Haka aka yi kwana biyar. Da rana lafiya lau, da rana ta faɗi kuwa sai lambobin su zube su zama iri ɗaya, shi kuma ya mayar da su yana zagi. Wata rana sau goma sha ɗaya ya mayar. A kwana na uku matarsa ta ji wani abu a bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin, kamar numfashin yaro mai zazzaɓi, da wata murya ƙasa-ƙasa tana rarrashi. Ta kasa kunne. Muryar ta yi shiru, kamar ita ma ta kasa nata kunnen. Da ta gaya masa sai ya ce bututun ruwa ne, kuma in ba ta da aikin yi ta nemi wani.

A rana ta shida ya sake kiran mai gyara, ya tsare shi har yamma don ya gani da idonsa. Suna zaune allunan suka ɗauke. Dattijon ya buɗe saitin, ya matso da fuskarsa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Bakwai," ya ce.

"Bakwai me?"

"Sau bakwai a sakan. Yallaɓai, babu wannan lambar a jerin. Ko ni da nake sana'ar ban san ta inda zan sa ta ba. Kuma ba lalacewa ba ce, kwamfutar ta nuna da hannu aka canza."

"Hannun wa? Muna zaune a nan!"

"Shi ne abin da ya sa zan tafi." Ya tattara kayansa ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya juyo. "Wannan ba aikin sukudireba ba ne."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba! Mutumin banza, gemu har ƙirji ba ka san aikinka ba!"

Kalmar hannu ce ta zauna masa a rai. A gidan nan mutum ɗaya ne ya san kwamfuta bayan shi. Ya tsaya a kan Auta tana cin abinci.

"Ke ce kike shiga ta wayarki kina taɓa mini saiti?"

"Ni, Baba? Ta yaya?"

"Kar ki raina mini hankali. Ba abin da ake koya muku ke nan ba?"

"Wallahi ban taɓa ba. Kimiyyar abinci fa nake karanta."

"Rufe mini baki!"

Ta ajiye cokali, ta tashi ta shige banɗaki, ta daɗe tana kuka a can cikin duhu. Shi kuma ya canza kalmar sirri, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Aikin da ya kamata ya miƙa ranar Litinin bai miƙa ba sai Laraba, domin duk lokacin da hoton ya yi tsalle ba ya iya gane ko zanen ne ya lalace ko allon ne, sai ya warware abin da yake daidai ya sake ɗinkawa. Ranar Alhamis shugaban sashensu ya kira shi ofis, ya wanke shi tas a gaban yaran da shi ya koya wa aiki, ya ce an ba shi zuwa Asabar da safe ya kawo gyararre, in ba haka ba a ba wani.

Ya dawo gida rana na faɗuwa, idonsa jajir. Ya tarar da matarsa tsaye a farkon lungun da ke kaiwa ɗakin ƙarshe, ta toshe baki da gefen mayafi. Kwaɗon yana nan a rufe yadda ya bar shi. Amma haske na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, yana ɗaukewa yana dawowa.

"Ina Auta?"

Ta nuna ƙofar da yatsa.

Ya laluba aljihu, makullin na nan. Ya buɗe. Auta na zaune a kujerarsa, bayanta a miƙe, hannunta a kan linzami, idanunta a rufe ruf. Kibiyar na tafiya a kan allon tana sauke lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Da mutum ne mai tsayawa ya yi tunani, da ya tambayi kansa ta ina ta shiga. Bai tambaya ba. Tsohuwar wayar da mai gyara ya cire tana kan tebur. Ya fizge ta ya zabga wa yarinyar a baya, ya ƙara, ya ƙara, yana cewa, "Munafuka! Ashe ke ce! A gidana za ki kashe ni?" Matarsa ta rungume hannunsa ta baya tana ihu, ya watsar da ita.

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta ko motsa kafaɗa ba. Kanta ne ya juyo a hankali, idon har yanzu a rufe. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwar mace ce, mai kauri, a dishe.

"Ka gama? To kashe allunan nan."

Wayar ta faɗi daga hannunsa. Dutse ya faɗo a tsakiyar ɗakin, ba ta taga ba, ba ta rufi ba, ya tsaya a kan tayil. Da matar ta kai ƙafa kusa da shi ta ji zafi na tashi daga jikinsa.

Ba ta nemi izininsa ba. Ta ɗauki waya ta kira kawunta, wanda kowa ke ce wa Malam, tsohon malamin makaranta da ya yi shekaru yana karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya ce a bar yarinyar inda take, kar a taɓa ta, zai zo gobe kafin magariba. Auta ta kwana a kujerar, ta wuni a kujerar. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, in uwarta ta matso sai wani gurnani ya taso daga ƙirjinta.

Malam ya iso ranar Juma'a da yamma, siriri, da ƙaramar jaka da gorar ruwa. Ya gaisa da kowa, ya dubi sawun dukan da ya fito ta wuyan rigar yarinyar, ya dubi Injiniya. 

"Malam, ni fa ban yarda da waɗannan abubuwan ba," in ji Injiniya. "Likita ya kamata a kira."

"A kira shi, ba ma faɗa da likita. Amma likita zai tambaye ka wa ya yi mata wannan a baya. Zauna."

Ya zauna.

Malam ya shimfiɗa darduma a bakin ƙofa ya fara karatu, muryarsa ba sama ba, ba ƙasa ba. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka. Allunan uku na kunne, kowanne da nasa haske. An daɗe babu abin da ya motsa. Sai yatsun Auta suka fara rawa. Ta sulalo daga kujerar ta dafe ƙasa, ta saki wata ƙara da ta sa gilashin taga ya amsa.

"Ya isa! Kana ƙona ni, tsoho!"

"Assalamu alaikum, baiwar Allah. Wace ce ke?"

"Mai ɗakin."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haƙa ramin gidan nan ba. Suka yi gini a kaina, na yi shiru. Suka zuba mini tarkace, na yi shiru, duhu ne, ya ishe ni. Na taɓa taɓa wani a gidan nan? Tambaye su!"

"To me ya kawo jifa? Me ya kawo shiga jikin yarinya?"

Hannun Auta ya ɗaga ya nuna tebur. "Waɗancan. Ku idonku a mace yake, kuna ganin haske tsaye. Mu muna ganin kowace ƙiftawa. Wannan na bugawa da nasa, wancan da nasa, na tsakiya kamar mahaukaci, babu wanda ke jiran wani. Walƙiya uku a cikin ɗaki ɗaya, tun safe har dare. Ina da ɗa ƙarami. Tun da aka kunna su yake faɗuwa yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Wata biyu!"

Uwar Auta ta dafe ƙirji.

"Da rana ba ni da ƙarfi. In rana ta faɗi nakan lallaɓa in daidaita su, in sauke su su riƙa tafiya tare, ya samu ya runtsa. Sai wannan," kan ya juya wajen Injiniya, "ya zo ya wargaza yana zagi. In gyara, ya ɓata. Na yi jifa ko zai fita ya bar ɗakin, ya fita ya zagi titi ya dawo. Da ƙarfina ya ƙare na ari hannun 'yarsa. Na same ta a banɗaki tana kuka, babu addu'a a bakinta, babu kowa a bayanta."

Injiniya ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito. "Gidana ne! Ni na gina shi da gumina! Da wannan allon nake ciyar da iyalina, wata can da ko ganinta ba a yi za ta zo ta hana ni aiki?"

"Ji shi!" Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Ni da nake aljana ban taɓa ɗaga wa ɗana hannu ba."

"Ya isa haka, ku duka biyun," in ji Malam. Wannan karon muryarsa ta tashi. "Baiwar Allah, an cuce ki ba da sani ba. Ke kuma kin yi zalunci da saninki. Yarinyar nan ba ita ta kunna ba, ba ita ta zage ki ba. Kwana ɗaya da wuni ba ta sha ruwa ba. Za ki fita."

"A bar mini ɗakin har abada."

"A'a."

"To in riƙe yarinyar har ɗana ya warke. Ɗa a madadin ɗa."

Malam ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, ya yayyafa ruwan gorar. Jikin Auta ya lanƙwashe, dugaduganta na dukan tayil. Duwatsu suka yi ta sauka a kan rufi kamar za su huda shi.

"Tsaya! Tsaya, na ji!" Numfashin ya yi ta fita da ƙyar. "Ba zan iya ɗaukarsa a haka ba, ba ya iya tsayuwa. A kashe su kwana uku. Duhu, babu ko ɗigon haske. In ya miƙe zan tafi da shi inda babu mutane, ba za ku ƙara jin ɗuriyata ba."

"Yarinyar fa?"

"Ubanta na zare waya ina fita."

"Kin yi alkawari da sunan wanda ya halicce ki?"

"Na yi."

Malam ya juya. "Ka ji. Zare."

Injiniya ya dubi allon tsakiya. Zanen na nan a buɗe, matakalar da falon da fitilun, saura kaɗan ya gama. Gobe Asabar. Ya dubi agogo.

"Malam, ko za a ce mata ta bari zuwa gobe da rana? Awa shida kawai nake buƙata. Ko in sa su duka a sittin, ai ta ce in suna tafiya tare..."

Ɗakin ya yi tsit. Ko jifan ya tsaya. Auta na kwance a ƙasa, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, ƙirjinta na hawa da sauka. Malam ya zuba masa ido kawai.

Uwar ce ta tsallake 'yarta, ta tura shi gefe da kafaɗa, ta durƙusa ƙarƙashin teburin ta cafko wayoyin gaba ɗaya ta fizge. Soket ɗin ya fito daga bango har da siminti. Duhu ya rufe ɗakin.

A cikin duhun aka ji wani dogon numfashi, irin na wanda ya sauke kaya. Sai wata ƙaramar murya, ba ta Auta ba, ba ta tsohuwar ba, ta yi ɗan kuka sau ɗaya ta yi shiru. Auta ta yi atishawa sau uku, ƙafarta ta hagu ta miƙe ta saki.

"Mama," ta ce da muryarta. "Ruwa. Mama, bayana zafi."

Malam ya ja ƙofar ɗakin ya rufe bayan an fito da ita, ya toshe ƙasan da tsumma, ya ce kar wanda ya buɗe sai ranar Litinin bayan magariba. A bakin ƙofar gida Injiniya ya fara yi masa godiya, Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya sa takalmi ya tafi.

Asabar ta zo ta wuce, aka ba wani aikin. Babu dutsen da ya ƙara faɗowa. Ranar Litinin da yamma labulen lungun ya ɗaga shi kaɗai, ƙofar baya da ke sakaye ta buɗe kaɗan, ta tsaya kamar ana fita da wani a hankali, sannan ta koma ta rufe. Bayan magariba Injiniya ya buɗe ɗakin, ya gyara soket ya kunna kwamfutar. Ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya sa su duka a sittin. Suka zauna daram.

Ya fito da sauri ya ba da labari, sai ya tarar da akwati biyu a falo. Auta na zaune a gefen kujera, ba ta jingina ba saboda bayanta. Da ta gan shi ta matsa jikin uwarta.

"Maman Auta, mene ne haka? Ai an gama. Ta tafi, komai ya daidaita."

"Gidan yayarta za mu je."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Haba, kin san ban san ba ita ba ce. Kowa aka yi wa haka..."

"Dukan na ce ba ka sani ba, na yi ta ba kaina haƙuri." Ta ja zif ɗin akwatin, ba ta dube shi ba. "Amma ranar Juma'a ka sani. 'Yarka na kwance a ƙasa bakinta ya bushe, ka dubi agogo."

Ya buɗe baki. Tsawar da ya saba yi ta taso har maƙogwaro, ta rasa inda za ta sauka.

Ta kama hannun Auta ta ɗaga ta a hankali, ta miƙa mata ƙaramin akwatin, ta ɗauki babban. Sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"Kawu ya fitar da wadda zai iya fitarwa. Wanda ya rage a gidan nan, kai za ka fitar da shi da kanka. In ka gama ka kira mu."